Warin ɗakin gwaji da ƙwayoyin gadonmu: tambayoyi da amsoshi ga ma'aikatan lab na karkara

Na daɗe ina aikin gwaje-gwaje a asibitocin ƙananan hukumomi tsakanin Jigawa da Kano, kuma har yanzu ɗalibai masu sanin makamar aiki suna biyowa ta hannuna. Tambayoyin nan abokan aiki ne suka yi mini su, wasu a bakin benci, wasu a waya, wasu a gindin darbejiya bayan an idar da Azahar. Horon da ake ba mu kusan duk a kan allura da jini da kaki yake, kuma hakan daidai ne. Amma kwalaben da ke jere a kan kanta, waɗanda muke shaƙar tururinsu tun safe har La'asar, ba kasafai ake zama a yi mana bayaninsu ba.

Malam, mu da ba mu da komai sai gwajin maleriya da na kaki da na bayan gida, wane sinadari ne zai cutar da mu?

Tashi ka bi bencinka da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ga metanol da kake kafe jini da shi a kan gilashi, kuma Giemsa da Leishman, kalolin rina jinin, su ma a cikinsa aka narkar da su. Ga jar kalar nan ta gwajin tarin fuka mai ɗauke da finol, wadda kake ɗumamawa da fitilar sifirit har tururi ya doki fuskarka. Ga asiton na gwajin Gram, na rina ƙwayoyin cuta. Ga 'yar kwalbar zailin kusa da madubin likita, ta goge mai. Ga eta da fomalin na tace bayan gida, ga kuma jarkar fomalin da ake jiƙa tsokar da aka yanko a tiyata kafin a aika da ita babban asibiti.

Yawancinsu sinadarai ne masu narkarwa, wato suna narkar da mai da kala waɗanda ruwa ba ya iyawa. Halinsu biyu ne ya shafe mu. Suna tashi su zama tururi ko ba a ɗora su a wuta ba. Sannan tunda mai suke narkarwa, ratsa fata da huhu ba ya yi musu wuya, sai su bi jini su nufi inda jiki ke da maiƙo: ƙwaƙwalwa, hanta, ɓargo. Shi fomalin iska ce da aka narkar a ruwa, ba ya cikin wannan dangi, amma benci ɗaya suke zaune, hanci ɗaya ke shaƙarsu, shi ya sa na haɗa su.

Ƙwayoyin gadon da ake cewa sinadaran nan suna lalatawa, me ke nan?

Kusan kowace ƙwayar jikinka tana da cibiya, a cikin cibiyar akwai kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Kowanne dogon zare ne da aka nannaɗe, shi ne DNA, inda ƙwayoyin gadon suke. Rubutu ne da baƙaƙe huɗu kacal, amma abin da ka gada daga kowane ɓangare ya kai baƙi biliyan 3. A cikinsa aka tsara wa ƙwaya aikinta: me za ta ƙera, yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya, yaushe za ta mutu.

Ka ɗauka magatakarda ne ke kwafar littafi da hannu, wani kuma zai kwafa daga nasa. In ruwa ya ɗiga a shafi, tawada ta dagule, aka lura aka gyara kafin a kwafa, ba a yi asarar komai ba. In ba a lura ba, kuskuren ya shige sabon kwafi, duk wanda ya biyo baya da shi zai tafi.

DNA na samun rauni sau dubbai kullum a kowace ƙwaya, ko mutum bai taɓa taka lab ba, kuma Allah ya hore wa jiki masu gyara da ba sa barci. Masana uku da suka bayyana yadda gyaran ke gudana, Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar, su aka ba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2015. Abin da mugun sinadari ke yi shi ne ya jibga wa masu gyaran aikin da ya fi ƙarfinsu. Wani ya manne wa baƙi ya hana a karanta shi daidai. Wani ya tsinka zaren. Fomalin kuwa ɗaure DNA yake yi da furotin ɗin da ke kewaye da shi. Ka san abin da ya sa tsoka ba ta ruɓewa a cikin fomalin: ɗaure furotin yake yi ya ƙamar da su. To wannan aikin yake yi a cikin hancinka, sai dai kaɗan-kaɗan.

Mafi yawan ƙwayoyin da suka ji rauni ana gyara su, ko su mutu a maye gurbinsu. 'Yan kaɗan ne ke kuɓuta da kuskure. In kuskuren ya faɗa a kan umarnin tsayawa, wani ya zo ya ƙaru a kansa, wani ma ya ƙaru, cikin shekaru sai a samu ƙwayar da ke rabuwa ba ta jin tsawa. Wannan ita ce sankara. Da yayyafi kogi kan cika.

Sinadarin zai iya mayar da mai AA ya koma AS?

A'a. Jinotayif ɗinka an rubuta shi tun ranar da aka ɗauki cikinka, kuma yana cikin dukkan ƙwayoyin jikinka. Lalacewar da muke magana a kai tana faɗa wa ƙwaya ɗaya nan, ɗaya can, ba tsari. In sakamakon wani ya canza daga AA zuwa AS, galibi a ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu ne aka yi kuskure, a sake.

Duk kwalaben nan haɗarinsu ɗaya ne?

Ko kusa. Wannan amsar nake so a fi riƙewa, don tsoron komai da komai yakan ƙare da rashin tsoron komai.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da cibiyar binciken sankara a birnin Liyon na Faransa, ana kiranta IARC, ita ke jera sinadarai rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfin hujja. Rukuni na 1 shi ne wanda aka tabbatar yana jawo sankara ga ɗan Adam. Benzin, wani sinadari mai narkarwa da ake samu a cikin fetur, yana ciki. Hanta ce ke juya shi zuwa wasu sinadarai da ke tafiya ɓargo, inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Wurin da ake kwafi da irin wannan sauri, kuskure ba ya wuyar shigewa. Wani likitan jini a Istanbul ta Turkiyya, Muzaffer Aksoy, shi ya lura a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 cewa masu ɗinkin takalma da ke aiki da gam mai benzin a ƙananan shaguna marasa iska suna ta zuwa masa da ƙafewar ɓargo da sankarar jini. A 1987 Amurka ta rage iyakar benzin a wurin aiki zuwa kashi 1 cikin miliyan na iska. A 2004 kuma wani bincike a kan ma'aikatan takalma a Tianjin ta Sin ya nuna ko ƙasa da wannan iyaka fararen ƙwayoyin jini suna raguwa.

Iskar da ke cikin fomalin ma tana rukuni na 1. An sa ta a 2004 saboda sankarar bayan hanci, a 2009 aka ƙara da sankarar jini. A lab ɗin karkara, ita ce babba a cikin abin da muke taɓawa da hannunmu. Kulorofom, wani sinadari mai narkarwa, yana rukunin waɗanda ake zargi. Zailin da ɗan'uwansa toluwin suna rukuni na 3, wato hujjar sankara ba ta tsaya a kansu ba, amma suna sa ciwon kai da jiri da kasala, suna busar da fata, kuma akwai maganarsu game da ciki, zan zo kanta. Metanol haɗarinsa daban ne: ba DNA yake nema ba, ido yake nema. Ɗan kaɗan aka sha yana makantarwa, yana kisa. Eta kuwa wuta ce babbar barazanarta.

Ba sai ka haddace wannan ba. Duba jikin kwalba. In ka ga alama mai kusurwa huɗu da jan baki, a ciki akwai hoton mutum da wani abu kamar tauraro ya fashe a ƙirjinsa, sinadarin yana da illa mai tsanani ga lafiya. Lamba H340 na nufin yana iya lalata ƙwayoyin gado, H341 ana zarginsa da haka, H350 yana iya jawo sankara, H360 da H361 kuma maganar haihuwa da ɗan tayi ce.

To ina benzin a lab ɗinmu? Ban taɓa ganin kwalbarsa ba.

Wataƙila ba za ka gani ba, an daɗe da janye shi daga yawancin gwaje-gwajen asibiti. Amma leƙa bayan ƙofa. Jarkar fetur ta janareta tana ina? A wurare da yawa cikin lab ake ajiye ta, don shi ne ɗakin da ke da kwaɗo mai kyau. Fetur na ɗauke da benzin. Wanda ya zuƙo fetur da tiyo a baki daga tankin babur, ko ya wanke hannu da shi don kalar tarin fuka ta fita, ko ya ajiye janareta a gindin taga hayaƙi na komowa ciki, ya gamu da benzin fiye da abin da duk kwalaben kanta za su ba shi. Hayaƙin taba ma haka. Ma'aikacin lab mai shan sigari ya haɗa wa ɓargonsa kaya biyu.

An taɓa gwada ma'aikatan lab aka ga lalacewar, ko hasashe ne?

An gwada. Tun a 1977 mujallar Lancet ta buga wani bincike daga Suwidin da ya samu karayar kuromosom a fararen ƙwayoyin jinin ma'aikatan ɗakunan gwajin sinadarai fiye da na sauran mutane. Daga baya an yi irinsa a ƙasashe da dama, musamman a kan masu aikin yanka tsoka da fomalin.

Hanyoyin gwajin za su ba ka sha'awa, tunda kai ma ma'abocin madubi ne. Akwai wanda ake goge cikin kumatu ko a ɗibi jini, a rina, a ƙirga ƙwayoyin da ke da 'yar ƙaramar cibiya a gefen babbar. Wannan ɓallin kuromosom ne da aka bari a baya lokacin rabuwa. Akwai wanda ake sa ƙwaya a cikin wani abu mai kauri kamar kamu, a ratsa shi da lantarki. DNA mai lafiya yakan tsaya dunƙule, wanda ya tsintsinke sai ya ja jela kamar tauraruwa mai wutsiya, kuma da sunanta ake kiran gwajin. Tsawon wutsiya, yawan rauni.

A 2007 an buga sakamakon bin mutum sama da 6,000 a ƙasashe 10, aka ga rukunin da ke da yawan ƙananan cibiyoyin nan sun fi kamuwa da sankara daga baya. Ka lura, maganar rukuni ce. Gwajin ba ya iya nuna mutum ɗaya ya ce kai ne za ka kamu. Amfaninsa shi ne ya nuna cewa iskar wani ɗaki ba ta da kyau tun kafin kowa ya kwanta.

Ni dai na saba da warin, ba ya damuna.

Wannan jumlar ta fi kowace tayar mini da hankali, kuma na fi jin ta daga bakin manyanmu waɗanda suka fi kowa daɗewa a benci. Hanci ne ya saba, Malam, ɓargo bai saba ba. Jijiyoyin shaƙa suna gajiya cikin mintuna kaɗan su daina kai rahoto, tururin kuwa yana nan yana shiga. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Hanci a wannan wuri bai san kima ba: kafin ka ji warin benzin, ya riga ya haura iyakar da aka yarda da ita.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. In mai kawo samfuri ya leƙo ya yamutsa fuska, ko ɗaliba sabuwar zuwa ta fara hawaye, su ne masu gaskiya, ba kai da ka wuni a ciki ba.

Zafin garinmu yana da hannu a ciki?

Sosai. Eta tana tafasa a zafin digiri 35 na ma'aunin Celsius. A watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano ba silin a Haɗejiya ko Gumel ko Ɗambatta yana wuce haka kafin Azahar, wato kwalbar tafasa take yi a kan kanta ba tare da wuta ba. Asiton na tafasa a 56, metanol a 65, kuma tun kafin su kai nan zafi na ninka tururinsu. Ka ajiye su a ƙasa-ƙasa, a inuwa, nesa da taga mai rana da fitilar sifirit. Kada ka sa eta a firjin gida: tururinta kan taru a ciki, tartsatsin lantarki ɗaya ya isa.

Hunturu kuma nasa salon daban. Ƙura na ɓata gilashi, sai mu kulle tagogi mu toshe kafa da tsumma, mu zauna cikin tururi wata uku. Gara a rufe gilasan da murfi ko a sa su cikin akwati, a bar taga a buɗe.

Ina sa takunkumi da safar hannu. Bai isa ba?

Takunkumin tiyata, har ma da N95, ƙura da ɗigon tari suke tarewa. Tururin sinadari yana wuce su kamar yadda iska ke wuce zana. Wanda ke tare shi sai mai gwangwanin gawayi a gefe, kuma fomalin yana da nasa gwangwanin na musamman. Farar safar roba da muke sawa kullum, zailin na ratsa ta nan da nan, ya zauna tsakaninta da fata cikin gumi, abin da ya fi hannu tsirara muni. Shuɗiyar nan ta naitiril ta fi, amma ita ma in ya zuba a kanta a cire a sake.

Kabad ɗin aikin kaki mai matatar iska, in Allah ya sa kuna da shi, an yi shi ne don ƙwayoyin cuta. Yawancin irinsa suna tace iskar su dawo da ita ɗaki, matatar kuma ba ta kama tururi. Kada a buɗe fomalin ko eta a ciki da zaton an tsira.

Malam, ina da ƙaramin ciki. In bar aikin ne?

Allah ya raba lafiya, Malama. Ba sai kin bar aiki ba, amma akwai benci da ya kamata ki bari. Wani bincike a Finlan a 1994 ya samu ƙarin ɓari a matan lab da ke aiki da toluwin ko zailin ko fomalin kwana uku ko fiye a mako. Wani a Toronto ta Kanada a 1999 ya bi mata 125 masu ciki da ke aiki da sinadarai masu narkarwa: an samu jarirai 13 da babbar tawaya, a rukunin da ba sa shaƙa kuwa 1. Abin lura, kusan dukkan waɗannan sun fito ne daga matan da tururin ke sa wa ciwon kai ko zafin ido ko sarƙewar numfashi a wurin aiki. Ma'ana yawan abin da aka shaƙa shi ne magana, kuma jiki magayi ne.

Inda al'adarmu ta ci karo da wannan shi ne kunya. Mace takan ɓoye ciki, musamman na fari, sai ya fito da kansa. Alhali gaɓoɓin jariri, zuciya da ƙwaƙwalwa da laka, suna ƙeruwa ne tsakanin mako na 3 da na 8, lokacin da ko uwar miji ba ta sani ba. Ba sai kin shelanta ba. Ki samu shugaban sashe, ko babbar ma'aikaciya da kika yarda da ita, ki ce a ɗauke ki daga rini da fomalin zuwa rajista ko gwajin maleriya na tsinke. In kina neman haihuwa ma, tun yanzu ya kamata. Mu maza masu riƙe da sashe, namu shi ne kada mu sa ta dogon bayani, kuma maganar ta tsaya a wurinmu.

Bayan haihuwa, kada goyo ya shiga lab. Na san wahalar rashin mai raino, na ga uwa tana rini da jariri a bayanta, kansa daidai tsayin tiren kala. Jariri na numfashi da sauri fiye da babba, hantarsa ba ta ƙosa ba. A nema masa wuri a baranda ko ɗakin ma'aikata, uwa ta cire farar riga ta wanke hannu kafin ta ba shi nono.

Maza fa? Zai bi 'ya'yanmu?

Maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya ƙeru, kuma an ga raguwar ingancinsa a mazan da ke shaƙar wasu sinadarai masu narkarwa da yawa, kamar masu fenti. Amma cewa aikin lab na dasa cutar gado da za ta bi zuriya, bincike bai tabbatar da haka ba, kada ka sa wa ranka damuwa. In haihuwa ta yi jinkiri, ku je gwaji ku biyu, ka kuma faɗa wa likita irin aikinka. Kada a ɗora wa matar ita kaɗai.

Ance in an sha madara ko manja bayan aiki yana wanke gubar.

Ba ya wankewa. Abin da ya shiga ta huhu ya riga ya shiga jini, madara kuwa ciki take zuwa. Zogale da zuma da kayan lambu abinci ne masu kyau, a ci don lafiya, amma babu cikinsu wanda ke maye gurbin taga buɗaɗɗiya.  In kuwa wani ya haɗiye metanol ko fomalin, kada a tsaya ba shi manja ko sa shi amai, a kai shi ga likita nan take da kwalbar a hannu.

Wane gwaji zan yi wa kaina, kuma wace alama zan kula da ita?

Wanda kake yi wa mutane kullum: cikakken ƙidayar jini. Ka yi sau ɗaya a shekara, ka ajiye takardun a jere. Sakamako ɗaya ba ya faɗin komai sosai, amma in fararen ƙwayoyi ko masu daskarar da jini suna sauka shekara bayan shekara, ka kai wa likita. Akwai kuma gwajin fitsari a ƙarshen aikin rana da ke nuna ragowar benzin ko zailin, na manyan cibiyoyi ne.

Ciwon kai da ke zuwa da rana a wurin aiki ya tafi ranar Asabar da Lahadi, zafin ido, tari, tsagewar fatar yatsu, duk suna cewa iskar ɗakin ta yi nauyi. Waɗanda ba a jira da su kuwa: kasala da ɗashewa ba dalili, jini daga dasashi, haɓo mai maimaituwa, tabon jini a ƙarƙashin fata ba tare da bugu ba, zazzaɓin da ke dawowa alhali gwajin maleriya ba ya nuna komai, toshewar hanci gefe ɗaya da ta ƙi tafiya, ko ƙulli a wuya. Sau da yawa wani dalilin ne daban mai sauƙi. Amma mu ma'aikatan lafiya mun iya rubuta wa kanmu magani mu wuce, kuma a nan bai dace ba. Sashen jini na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na karɓar irin wannan in likita ya tura.

Na yi shekara ashirin ina shaƙa. Ai aikin gama ya gama?

Bai gama ba, Yaya. Yawancin raunin DNA ana gyara shi cikin awoyi ko kwanaki, fatar cikin baki da hanci kuma tana sabuntuwa cikin 'yan makonni. Kuskuren da ya riga ya zauna ba ya gogewa, amma sankara sai kurakurai sun taru, don haka duk wanda ka hana ƙaruwa riba ce. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki sun yi ritaya lafiya.

Ai komai ƙaddara ce.

Haka ne, kuma babu mai ja. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Murfin kwalba ɗaurin raƙuma ne.

Ba mu da kuɗin na'urar zuƙe tururi. Me za mu iya yi gobe da safe?

Fara da murfi. Tulun rini da aka bari a buɗe tun safe, audugar zailin da aka jefa a kwandon shara a ƙarƙashin benci, tiren da kala ta kwana a ciki, su ne ke cika ɗaki, ba 'yan daƙiƙun da ake zubawa ba. A samu gwangwani mai murfi don audugar, a fitar da shi kullum.

Sai wurin tsayuwa. A mayar da bencin rini bakin taga, iska ta fito daga bayanka ta wuce kan aikin ta fita. Fankar sama juya tururin kawai take yi. Ƙaramar fankar bango mai fitar da iska, a kafa ta daidai tsayin benci don yawancin tururin nan ya fi iska nauyi, ita ce abin nema, kuma ƙaramar sola na ɗaukarta. Ɗumama gilasan tarin fuka da ɗurar fomalin daga jarka, a yi su a baranda ko rumfa in akwai hali.

Zailin na goge madubi, a mafi yawan lokuta ba a bukatarsa. Takardar goge gilashi ta wadatar in an share man da zarar an gama, shi kuwa zailin yana cin gam ɗin da ke riƙe da idon madubin. A gwajin bayan gida, ana iya sa wani sinadari mai suna etil asitet a madadin eta. Zuƙo sinadari da baki a bar shi har abada. Kada a haɗa Hypo da fomalin, ko da asiton, ko da ruwan asid na gwajin tarin fuka, ko a kwatami ne, don haɗuwarsu na haifar da iska mai guba. Butar shayi da kwanon abinci da ruwan sha su koma wani ɗaki, farar riga kuma kada ta je gida ta shiga wankin yara. A ajiye bokitin ruwa mai tsabta da moɗa kusa: in abu ya fantsama a ido, minti 15 ake yi ana zuba ruwa, a duba agogo.

Wa ya fi shiga haɗari a cikinmu?

Wanda ba a taɓa yi wa bayani ba. Wata rana da yamma, a wani asibiti da na yi aiki, na dawo ɗaukar makulli sai na tarar da Iya mai shara tsugune a bakin famfo da kwalaben ruwan ƙasa guda biyu, na zailin da na metanol, tana ɗauraye su da omo. Na ce, Iya, ina za a kai waɗannan? Ta ce man gyaɗa za ta zuba, murfinsu na da kyau, ba ya yoyo. Na dubi hannunta, duk yatsun sun yi fari sun tsattsage. Shekara da shekaru ita ke wanke mana tiren kala da tulunan rini da hannu tsirara, ita ke kwashe audugar, kuma babu ɗayanmu da ya taɓa zama ya gaya mata abin da ke ciki. Laifinmu ne, har da ni. Na karɓi kwalaben, washegari na kawo mata wasu daga gida, muka zauna na bi kanta da ita kwalba-kwalba.

Tun daga ranar, kwalbar da ta ƙare nakan fasa mata murfi in ajiye ta a kulle. Ba na yarda a zuba fomalin ko metanol a robar ruwan sha ko kwalbar lemo, ko da an rubuta suna, don ba kowa ke karatun boko ba, yaro kuma ba ya tambaya. Ragowar sinadari ba a zubar da shi a kwata ko bayan katanga, inda awaki ke kiwo kuma rijiyar unguwa ba nisa. A tara a jarka mai murfi da suna, a nemi jami'in kula da muhalli na ƙaramar hukuma ya faɗi inda za a kai.

Ɗalibai ma haka. Su ake tura wa rini don shi ne aikin da manya ba sa so. Ranar farko, kafin su taɓa madubi, a bi kanta da su.

In ciwo ya same ni ta dalilin aiki, akwai hakkina a doka?

Akwai. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, ba haɗari kaɗai ba, ta kuma shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun, mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a cire wa ma'aikaci. Ana so a sanar da wurin aiki cikin kwana 14. Majalisar kula da aikin gwaje-gwajen lafiya ta ƙasa, MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke da ikon duba ɗakunan gwaji, kuma ƙungiyarku ta ma'aikata na iya kai kuka a rubuce.

Wahalar ita ce hujja, don ciwon da ya bayyana bayan shekara goma sha biyar ba ya zuwa da takardar shaida. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Ka rubuta wuraren da ka yi aiki da shekarunsu, sinadaran da ka taɓa, sau nawa a mako, ko ɗakin na da taga ko fanka. Duk ranar da wani abu ya zube ko ya fantsama, ka sa kwanan wata da sunan wanda ya gani. In kun roƙi fanka ko safar hannu, ku roƙa a takarda, ku riƙe kwafi mai hatimi. Takardun ƙidayar jininka na shekara-shekara ka maƙala su a bayan littafin, kuma a gida za ka ajiye shi, ba a durowar lab ba.